Gishirin Mai Ƙanƙara

Shekara ashirin da shida na yi ina gadin ƙofar ƙaramin asibitin unguwarmu, kuma a duk tsawon zaman nan ban ga mutumin da ya san sanyi kamar Mai Ƙanƙara ba. Sunan da kowa ke kiransa ke nan. Rumfarsa tana tsallaken titi, daidai saitin bencin da nake zama. Da sassafe zai zo da manyan sandunan ƙanƙara ɗaure a bayan tsohon babur ɗinsa, ya shimfiɗa buhu, ya barbaɗa garin katako, ya jera su, ya rufe da wani buhun. Masu kifi su zo, masu lemon kwalba su zo. Yana da wani ɗan gatari da ya gada wurin mahaifinsa. Sara ɗaya yake yi, ƙanƙarar ta tsage daidai inda ya nufa.

Fatar hannunsa ta yi fari ta tsattsage. In ya ba ka hannu, ko da tsakar rana ne, sai ka ji kamar ka taɓa gindin randa. Tela, wanda shagonsa ke jikin rumfar, ba ya barinsa ya huta.

"Mai Ƙanƙara, ai gidanku ba a sayen fanka. Ka shiga ɗaki kawai, kowa ya ja bargo."

"Kai ma shagonka ba a sayen almakashi," in ji shi, "bakinka ya isa."

Yana da wata dabara da yake ji da ita. In mai saye na sauri, sai ya daka ƙanƙara, ya zuba mata gishiri, ya tusa kwalba a ciki. Kwalbar da za ta ɗauki awa biyu kafin ta yi sanyi, kafin ku gama gaisawa ta kama. Ya sha ce mini, "Baba Maigadi, zafi ne ke lalata abu. Ka taɓa jin abin da sanyi ya ɓata?" Ni kuwa in ce ban taɓa ji ba, don gaskiya ban taɓa ji ba.

Matarsa mace ce mai kunya, ko gaisuwa ƙasa-ƙasa take yi. 'Ya'yansu maza biyu sun girma sun tafi neman na kansu, sai ƙaramar mace ta rage a gida, Auta. Wata rana ya kawo matar asibitinmu a bayan babur, tana zaune a karkace. Daga baya ne ya gaya mini kusan shekara biyu ta yi tana ganin jini ba a lokacinsa ba. Ta ɗauka shekaru ne suka zo da haka. Tsummokaranta ma a cikin ɗaki take shanyawa, bayan ƙofa, don kada kowa ya gani. Sai da ciwon baya ya hana ta tsayuwa, kuma ɗakin ya fara wani wari da turare ya kasa rufewa, sannan ta yi magana.

Malama, babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitinmu, ta duba ta, ta rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Can aka ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa. Wata bakwai ta ƙara a duniya. Zuwa ƙarshe ba ta iya cin komai, sai dai ya fasa mata ƙanƙara ƙanana-ƙanana ya sa mata a baki tana tsotsa. Ya ce mini, "Abin da na iya ke nan, Baba, shi na yi mata."

Bayan rasuwar da kamar wata biyu, Malama ta fito za ta tafi gida, ya tsallako titi ya tare ta a bakin ƙofa. Ina zaune, duk na ji.

"Malama, don Allah me ke kawo ciwon nan? Mutane sun ce iska ce, wasu sun ce yawan haihuwa."

Ta ajiye jakarta a kan bencina. Ta ce wata ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta, likitoci na kiranta HPV. Ana ɗaukarta ta hanyar kwanciyar mace da namiji, kuma kusan kowane baligi yakan gamu da ita a rayuwarsa bai sani ba. Ga yawancin mutane jiki kan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma a jikin wasu matan takan lafe a bakin mahaifa, shekara goma, shekara ashirin, ba ciwo ba alama, sannan ta rikiɗe ta zama sankara.

Sai ya ce, "Namiji ma yana ɗauke da ita?"

"Yana ɗauka, kuma sau da yawa ba abin da zai gani a jikinsa."

"Ke nan ni na ba ta."

"Ba wanda zai iya sanin wannan, Malam. Kuma ba zunubin kowa ba ne, kada ka ɗora wa kanka abin da ba ka da ikon gani. Da an yi mata gwaji da wuri, da an ga alamar tun ba ta zama komai ba. Abin da ya wuce mu ke nan."

Ya yi godiya ya koma rumfarsa. Ranar na ga yana saran ƙanƙara sau uku kafin ta tsage.

Shekara biyu bayan haka aka kawo allurar rigakafin ƙwayar nan. Ta 'yan mata ce masu shekara tara zuwa sha huɗu, tun kafin su gamu da cutar, don Malama ta ce allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Za a bi makarantu ana yi. Ana neman mai babur da zai riƙa kai akwatin sanyin da ake zuba kwalaben allurar a ciki. Kafin a gama faɗa, Mai Ƙanƙara ya tsallako.

Malama ta ce masa, "Akwatin nan ni nake shirya shi da hannuna. Kai ɗauka kawai ne naka. Kada ka bar shi a rana, kada ka buɗe."

Ya ce ya ji.

Maganganu suka tashi a unguwa, kamar yadda suka saba. Wai allurar hana haihuwa ce, in ba haka ba me ya sa sai mata? Tela ne kan gaba, da tsinken allura a bakinsa yana magana. Mai Ƙanƙara, mutumin da ba ya shiga gidan kowa sai da dalili, sai ga shi yana bin ƙofa-ƙofa bayan ya tashi daga rumfa. Ba ya doguwar magana. Cewa yake, "Kun san matata. Kun ga yadda ta ƙare. Ga Autata nan, shekararta sha huɗu, ita za ta fara tsayawa a layi. In da guba ce, da 'yata zan fara?" Iyaye da yawa don shi suka yarda. Har Tela ya ce, "To, na ba ka 'yata amana, ba asibiti na ba wa ba, kai na ba."

Ranar farko makarantar 'yan mata da ke bayan kasuwa za a je, inda Auta take. An tashi da zafi tun safe. Malama ta fito da robobin ƙanƙarar da ake jerawa a cikin akwatin, ta baza su a kan tebur, ta bar su har suka fara zufa, in ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki. Sannan ta jera su, ta sa kwalaben, ta rufe, ta miƙa masa. Ita ranar tana da masu haihuwa biyu, sai ta ce ƙananan ma'aikata biyu za su same shi can da ƙarfe sha ɗaya.

Ya fito da akwatin fuskarsa a ɗaure. Ya ja ni bayan ɗakin gadi.

"Baba, matar nan ta san allura, amma ba ta san ƙanƙara ba. Ka ga abin da ta sa? Ƙanƙarar da ta riga ta mutu. A wannan zafin, kafin sha ɗaya ai shayi za mu kai wa yaran."

Ya tsallaka ya dawo da gutsuren ƙanƙara da ƙullin gishiri. Ya daka, ya gauraya. Ni na riƙe masa bakin ledar yana zubawa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ƙulle, ya buɗe akwatin, ya kwantar da ledar a kan kwalaben, ya rufe.

Da ya dawo da yamma yana ta murna. Ya ce da ya isa makarantar ya zauna gindin bishiya, can ya leƙa, ya ga kwalaben sun kama, sun yi tauri fari fat. Sai ya cire ledar da sauran lokaci don su saki, kamar yadda yake wa kwalbar mai saye. Da ma'aikatan suka iso, komai ya koma ruwa, ba su ga wani abu ba. Yarinya arba'in da uku aka yi wa. Auta ce ta farko, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Yau na yi barci, Baba," in ji shi. "Wannan dai ba za ta bi uwarta ba."

Kwana uku bayan nan za a je makaranta ta biyu. Kafin a tashi, Malama ta tara ƙananan ma'aikata a baranda tana koya musu wani abu. Ni ina jera musu kujeru, shi kuma yana tsaye jikin ginshiƙi yana jiran akwati, ledarsa ta gishiri tuni tana cikin kwandon babur. Malama ta ɗago kwalabe biyu. Ta ce ɗaya da gangan ta sa ta ta daskare, sannan ta bar ta ta narke. Ta girgiza su tare, ta ajiye a hasken taga. Ɗaya ta zauna fara kamar madara. Ɗayar kuwa nan da nan wani gari-gari ya kwanta a ƙasanta, saman ya koma garau.

"Kun gani? Allurar nan sanyi take so, amma ba ta son daskarewa. Shi ya sa nake barin robobin su fara narkewa kafin in sa. In ta daskare sau ɗaya, ta mutu, ko da ta narke ta koma kamar lafiyayya. Wadda aka yi wa irin wannan, a ɗauka ba a yi mata ba."

Ban ɗaga kai ba. Na ji takunsa ya sauka daga barandar a hankali. Da na gama, na same shi a kan bencina, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

Ni na fara magana, kuma abin da na faɗa ba abin alfahari ba ne.

"Ba wanda ya sani sai ni da kai. Malama ba ta ce tana kashe mutum ba, amfani ne dai babu. Ka kai Auta wani asibitin a sake mata, ka zubar da ledar nan, shi ke nan. In ka yi magana, mutanen nan za su cinye ka ɗanye."

"Sauran arba'in da biyun fa?"

"Allah zai tsare su."

"Iyayensu suna can suna cewa an gama, 'ya'yansu sun tsira. Ni na ce musu haka." Ya murza tafin hannunsa. "Irin shirun nan na san shi, Baba. Shekara biyu ya yi a bayan ƙofar ɗakina."

Ya tashi ya ɗauko ledar daga kwandon babur, tana ɗiga, ya shiga ofishin Malama da ita. Na bi shi, don hannuna na ciki.

Malama ta saurara har ya gama. Ta cire tabarau ta ajiye. Da farko muryarta ta hau: "Na ce kada ka buɗe! Da wane yare zan faɗa?" Sai kuma ta zauna ta dafe kai. "Ni ma da laifina. Na ce maka kada, ban ce maka don me ba." Ta ce dole ta rubuta wa na sama da ita, kuma ba zai sake ɗaukar akwatin ba. Yaran nan kuwa sai an sake musu gaba ɗaya, ko da wata ta wuce sha huɗu kafin lokacin.

"Wa zai gaya wa iyayen?" in ji ɗaya daga ƙananan ma'aikatan.

"Wanda ya kira su," in ji Mai Ƙanƙara.

Malama ta rubuta sunayen yaran a takarda, amma shi ba ya karatu. Sai ya tsinci murfin kwalbar lemo arba'in da uku a gaban rumfarsa, ya zuba a wani gwangwanin madara. Na karanta masa sunayen da ɗan karatun da nake da shi, yana ɗaukar murfi ɗaya-ɗaya yana cewa, wannan 'yar wane ce, wannan jikar wance. Ya ce duk wadda ta dawo aka sake mata, zai jefar da murfinta.

Zagayensa na biyu na bin ƙofa-ƙofa bai yi kama da na farko ba. Mahaucin unguwarmu, wanda 'yarsa na cikin yaran, ko sallamarsa bai amsa ba. Wata uwa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta ce, "Jiya ka ce mana magani ne, yau ka ce ruwa ne. Gobe kuma me za ka zo da shi?" Kafin mako ya zagayo, labari ya zama wai an yi wa yara ruɓaɓɓiyar allura, wasu ma suka ce da gangan. Makarantun da ba a je ba ma, iyaye suka riƙa hana 'ya'yansu. Wannan ya fi komai ci masa rai. Masu kifi biyu suka koma saye wurin wani.

Tela kuwa ya samu abin yi. In ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Ga likitan kifi nan! A kawo yara a barbaɗa musu gishiri kada su lalace!" Mutane su yi dariya. Da can Mai Ƙanƙara zai rama. Yanzu sai dai ya ce, "Na ji, Tela. Amma ka kawo ta a sake mata."

"Amana ɗaya na ba ka, ka daskarar da ita. Ba ni da ta biyu."

Auta ma ta sha nata. A makaranta suka sa mata suna 'Yar Gishiri. Kwana da kwanaki ba ta yi wa uban magana ba sai gaisuwa. Amma ranar da sababbin kwalabe suka iso, bayan wata biyu, ita ce ta fara shigowa ƙofata, da kayan makaranta a jikinta. Ta naɗe hannun riga da kanta. Da ta fito ta tsallaka titi, ta sa hannu cikin gwangwanin, ta ɗauki murfi ɗaya ta jefa a kwata, ta ce, "Baba, saura arba'in da biyu." Ta wuce abinta.

A watan farko yara ashirin da ɗaya suka dawo. Daga nan abin ya koma ɗigo-ɗigo. Wata uwa ta kawo tata a ɓoye, ta ce wa mijin kasuwa za su. Mahauci ya kawo tasa bayan wata takwas, bai kalli rumfar ba, amma da zai wuce ya yi tari da ƙarfi don a san ya zo. Wani gida sun tashi daga unguwar, Mai Ƙanƙara ya rufe rumfa kwana biyu, ya hau mota ya nemo su, ya dawo da alkawari kawai. Wannan murfin bai jefar ba, ya ce alkawari ba allura ba ne.

Gishirin nan bai sake taɓa shi ba. In mai saye ya ce yana sauri, sai ya ce, "Yi haƙuri ka jira, ko ka je gaba." Tsohuwar tambayarsa ma, ta abin da sanyi ya ɓata, ban sake jin ta a bakinsa ba. Ya rame. In ba ciniki, sai in hango shi ya zazzage gwangwanin a tafin hannu yana motsa murfin da yatsa, bakinsa na motsi.

Shekara huɗu bayan abin, wata safiya yana sauke ƙanƙara daga babur, sai ya dafe ƙirji ya durƙusa. Mu muka ɗauko shi, ni da Tela, muka tsallako da shi. Bai kai azahar ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tela ya yi kuka kamar yaro, yana cewa, "Wasa fa nake masa, wallahi wasa nake masa."

Bayan kwana bakwai Auta ta kawo mini gwangwanin. Ta ce, "Baba Maigadi, ya taɓa cewa in ya riga ka, kai za a ba wa, don kai ka san masu shi." Na zazzage. Murfi biyar.

Uku daga cikinsu ban san inda suke a duniya ba. Ɗaya ta dawo da kanta bara, ta zama babbar budurwa, Malama ta zauna da ita suka yi magana, aka yi mata, na jefar da nata. Ta biyar ita ce 'yar Tela. Ta yi aure, tana da goyo, takan kawo jaririnta awo. Na tambayi Malama ko ita lokaci ya ƙure mata. Ta ce ta zo dai su yi magana a kan allurar, amma abin da ya fi muhimmanci gare ta nan gaba shi ne gwajin bakin mahaifa in shekarunta sun kai, kuma kada ta taɓa ganin jinin da ba na al'ada ba ta yi shiru.

Magana ce mai nauyi a bakin tsoho irina, ga 'yar da aka haifa a gabana. Na yi ta juya ta wajen wata guda. Ranar da ta zo awo na tsayar da ita a bakin ƙofa, na kalli ƙasa, na ce Malama na son ganinta a kan maganar allurar nan ta makaranta. Ta gyara goyonta, ta yi murmushi, ta ce, "Baba, har yanzu kuna nan da zancen nan? To, zan shigo in na samu sarari."

Wata biyar ke nan. Takan wuce ta gaishe ni, in amsa, in ce Malama na nan fa, ta ce to. Rumfar tsallaken titi yanzu mai gyaran waya ne a ciki. Gwangwanin yana kan tagar ɗakin gadi, da murfi huɗu a ciki, kuma jibi ranar awo ce.